Rikodin DNS: Layukan da ke Riƙe da Sunanka a Intanet

A daren Litinin 12 ga Oktoba, 2009, sunayen intanet na ƙasar Suwidin suka daina amsawa. Ba waya ce ta tsinke a ƙarƙashin teku ba, ba kuma 'yan kutse ne suka kai hari ba. Shafukan bankuna da na jaridu da na hukumomi duk suna nan a kan injinansu lafiya lau. Abin da ya faru shi ne, hukumar da ke kula da sunayen da suka ƙare da .se ta fitar da sabon kundinta kamar yadda ta saba, amma manhajar da ke harhaɗa kundin ta tsallake ɗigo ɗaya da ya kamata ya zauna a ƙarshen sunaye. Sunaye wajen 900,000 suka zama kamar ba a taɓa yin su ba, imel ya tsaya cak. An gano kuskuren an gyara cikin kusan awa guda, sai dai bai washe a ko'ina nan take ba, saboda wani dalili da za mu zo kansa.

Abin da ya lalace a wannan dare 'yan layukan rubutu ne, waɗanda ma'aikatan fannin ke kira rikodin DNS. Duk mai sunan yanki a intanet, kamfani ne ko makaranta ko jarida, yana da irin waɗannan layuka, ko ya sani ko bai sani ba. Yawancin masu sunaye sun ɗauke su aikin injiniya, sun sakar masa. A ganina wannan sakaci ne, domin a cikin layukan nan aka rubuta inda shafinka yake, da wanda zai karɓi wasiƙunka, da wanda ke da izinin yin magana da sunanka. Kowane nau'in rikodi amsa ce ga tambaya guda, kuma wanda ya gane tambayoyin ya gama da rabin wahalar.

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. A farkon zamanin hanyar sadarwar da ta haifi intanet, wato ARPANET ta Amurka, fayil ɗaya tak mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta. Ofishin Elizabeth Feinler a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya ne ke riƙe da shi. Mai son a shigar da sabuwar kwamfuta sai ya tuntuɓe su, sauran jama'a kuma su riƙa sauke sabon kwafi lokaci-lokaci. Da kwamfutoci suka yawaita abin ya gagara. A 1983 Paul Mockapetris, na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya tsara DNS, aka sake tace ƙa'idojinsa a 1987, kuma a kan waɗannan ƙa'idoji ake tafiya har yau. Hikimar tsarin ita ce babu wanda ke riƙe da dukan kundin. An raba iko hawa-hawa, kowa na amsa abin da ke ƙarƙashinsa.

Abin ya yi kama da baƙon da ya sauka a masarauta yana cigiyar gidan wani mutum. Fada ba ta san gidan ba, amma ta san hakimin ƙasar. Hakimi ma bai san gidan ba, sai ya tura shi wurin mai unguwa, wanda zai nuna masa ƙofar da hannu. Idan ka rubuta www.example.com a burauza, wayarka ba ta yin wannan yawo da kanta. Tana miƙa tambayar ga wata saba mai bincikowa, ta kamfanin layinka ko irin su 8.8.8.8 ta Google da 1.1.1.1 ta Cloudflare. Ita ce za ta fara da sabobin tushe, masu sunaye 13 daga harafin a zuwa m, waɗanda ƙungiyoyi 12 ke gudanarwa da injina fiye da 1,000 a faɗin duniya. Tushe ya tura ta sabobin .com, su kuma su tura ta sabar mai sunan. A can za ta tarar da layi irin wannan:

www.example.com. 3600 IN A 192.0.2.10

Sunan da lambar duka an keɓe su ne don koyarwa, ba na kowa ba ne. Kashi biyar ne a layin: suna, sai adadin daƙiƙun da aka yarda a riƙe amsar, sai IN mai nufin intanet, sai nau'in rikodin, sai amsar kanta. A lura da ɗigon da ke bayan com. Shi ne ke nuna suna ya cika. Idan babu shi, saba tana ɗauka an gajarta ne, sai ta liƙa sunan yankin a ƙarshe. Haka sunayen Suwidin suka wayi gari da ƙarin .se a wutsiya, suna nuni zuwa wuraren da babu su.

Rikodin A shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ginshiƙi: suna kaza yana lamba kaza. Lambar adireshin IPv4 ce, mai gurabe 32 a lissafin kwamfuta, wadda ke ba da adireshi kimanin biliyan 4.3 gaba ɗaya. Ana iya ba suna ɗaya rikodin A da yawa don a raba masu ziyara tsakanin injina. Manyan kamfanoni ma sukan ba da amsa gwargwadon inda mai tambaya yake, ta yadda na Kano da na Landan za su tambayi suna ɗaya kowa ya samu lamba daban, ta injin da ya fi kusa da shi. Adireshi biliyan 4.3 sun yi wa duniya kaɗan. A Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC ta Afirka. Magajin shi ne IPv6, mai gurabe 128, rikodinsa kuwa AAAA. Aikinsu ɗaya da A. Abin kiyayewa guda ne: idan aka ƙaura da shafi aka gyara A aka manta AAAA, masu shigowa ta IPv6 za su ci gaba da zuwa tsohon wuri, mai shafin kuma yana ta rantsuwa cewa a wurinsa komai na buɗewa.

CNAME ba ya ba da lamba. Cewa yake yi: wannan suna laƙabi ne, je ka tambayi wancan. Amfaninsa a fili yake ga wanda ya ajiye shafinsa ko kantinsa a dandalin wani kamfani. Kamfanin zai iya sauya lambobin injinansa sau goma a wata ba tare da ya sanar da kowa ba, tunda kai sunansa ka nuna, ba lambarsa ba. Amma CNAME yana da sharaɗi mai tsauri tun daga ƙa'idojin 1987: sunan da aka ba CNAME ba ya ɗaukar wani rikodi kuma. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Tunda ka ce duk tambayar da ta shafi wannan suna a kai ta can, ba ka da bakin ba da wata amsa a nan. Shi ya sa ba a sa CNAME a kan gundarin suna, wato example.com tsura babu www, domin dole ne gundarin ya ɗauki rikodin NS da SOA, galibi har da MX, waɗanda za mu zo kansu. Kamfanonin DNS sun ƙirƙiro dabarun kewaye wannan, wasu na kiran tasu ALIAS, inda sabarsu ke bin laƙabin da kanta ta miƙo lamba kamar rikodin A ne. Dabarar na aiki, amma ta kowane kamfani daban ce, kuma ba lalle ta bi ka ba ranar da ka tashi ƙaura.

Akwai wani haɗari a CNAME da ba a cika magana a kansa ba. A ce wata ƙungiya ta buɗe taro.example.com don wani taro, ta nuna shi zuwa wani dandali. Taro ya watse, aka rufe asusun dandalin, aka bar layin CNAME yana nan. A wasu dandalin, kowa na iya zuwa ya yi rajistar wannan gurbin da aka saki. Daga ranar, duk abin da ya ga dama ya ɗora zai bayyana ƙarƙashin sunan ƙungiyar, har da shafin bogi na karɓar kalmar sirri. Masu binciken tsaro sun sha samun irin wannan a sunayen manyan kamfanoni. Maganin ba ya cin ko kwabo: in an rufe hidima, a goge layinta.

Tambayar ina shafi yake daban, tambayar ina za a kai wasiƙa daban. Ta biyun rikodin MX ke amsawa, wanda ya shigo tsarin a 1986:

example.com. MX 10 mail1.example.com.
example.com. MX 20 mail2.example.com.

Lambar da ke gaban suna fifiko ce, kuma ƙaramar ce ke gaba. Sabar mai aikawa za ta fara gwada ta 10, in ba ta amsa ba ta koma ta 20. In duka sun yi shiru, ba ta yar da saƙon; takan ajiye shi ta yi ta gwadawa na 'yan kwanaki kafin ta mayar wa mai shi. MX suna yake nunawa, ba lamba ba, kuma sunan ya zama mai rikodin A ko AAAA na kansa, ba laƙabi ba. Wannan rabuwa tsakanin A da MX ita ta ba ka damar ajiye shafi a kamfani ɗaya, imel kuma a Google ko Microsoft ko Zoho. Ita ce kuma ke kawo ɓarnar da ta fi yawa wajen sauya masauki. Mai gina shafi ya kammala sabon aiki, ya mayar da sunan zuwa sabobin sabon kamfani, shafi ya buɗe tsaf, kowa ya yaba. Babu wanda ya kwafo layukan MX. Sai bayan kwana biyu ko uku a lura ofis ya yi tsit, ba takardar kwangila, ba saƙon abokan ciniki, alhali masu aikowa suna can suna samun sanarwar cewa saƙonsu bai isa ba.

Rikodin da ya fi kowanne ɗaukar kaya a yau shi ne wanda aka yi ba don wani takamaiman aiki ba. TXT fili ne na rubutu kawai, kowane yanki nasa bai wuce haruffa 255 ba, ana iya jera yankuna da yawa. Da yake mai iko da suna ne kaɗai ke iya rubutu a ciki, sai ya zama hanyar tabbatar da mallaka. Google ko Microsoft za su ba ka wasu haruffa su ce ka sa a TXT. In sun duba sun gani, sun yarda sunan naka ne. Let's Encrypt, mai ba da takardar shaidar tsaro kyauta, tana karɓar irin wannan hujja a ƙarƙashin _acme-challenge. A riƙe wannan da kyau, domin ma'anarsa ita ce a idon intanet mai sunan shi ne duk wanda ke iya gyara rikodinsa.

Babban aikin TXT yana wajen imel. Ƙa'idar aika imel ta SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ba ta tambayar mai aikawa hujja. Kowa na iya rubuta adireshin shugaban bankinka a gurbin mai aikawa, saƙon ya tafi. An yi tsarin ne a lokacin da masu amfani da shi 'yan tsiraru ne da suka san juna. Damfarar da ake yi wa kamfanoni ta imel, inda akanta zai samu saƙo kamar daga maigidansa ana umartarsa ya tura kuɗi wani asusu, wani ɓangarenta ta wannan ƙofa yake shigowa. Faci uku aka yi wa ƙofar, kuma dukansu a TXT suke zaune.

Na farko SPF, jerin sabobin da ka yarda su aika saƙo da sunanka. Layin kan zo kamar haka: v=spf1 include:_spf.google.com -all, wato sabobin Google na yarda da su, duk wanda ba su ba a ƙi shi. Dokokinsa biyu ne ke yawan kayar da mutane. Suna ɗaya, layin SPF ɗaya. Wanda ya ƙara na biyu don ya shigar da sabon kamfanin aika saƙo ya lalata duka biyun. Sannan binciken layin bai kamata ya jawo tambayoyin DNS fiye da 10 ba, kuma kowane include yana ci daga ciki, har da waɗanda ke cikin cikinsa. SPF yana da rauni: adireshin da yake dubawa na bayan fage ne, ba wanda mai karatu ke gani ba, kuma yakan karye idan aka tura saƙo gaba ta wata saba.

DKIM ya toshe wani ɓangare na wannan. Sabar mai aikawa tana sa wa kowane saƙo hannu da mabuɗin sirri, kishiyar mabuɗin kuma, wanda kowa zai iya gani, ana ajiye shi a TXT ƙarƙashin _domainkey. Mai karɓa ya ɗauko shi ya gwada. In an taɓa saƙon a hanya, sa hannun ba zai dace ba. Na uku, DMARC, shi ne ya ɗaure biyun. Yana zaune a _dmarc, yana buƙatar sunan da ya ci jarrabawar SPF ko DKIM ya dace da wanda mai karatu ke gani, sannan yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi: p=none a bar shi ya wuce, p=quarantine a jefa shi akwatin tarkace, p=reject a ƙi karɓa. Yana kuma ba da adireshin da za a riƙa aiko maka rahoton masu aika saƙo da sunanka. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. Google ya wajabta ukun nan ga duk mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail. Sai dai da yawa sun sa p=none don su cika sharaɗi suka tsaya nan. Wannan matakin kallo ne, an yi shi don ka karanta rahoto ka gano duk hanyoyin da saƙonka na gaskiya ke fita, sannan ka matsa gaba. Wanda ya shekara a p=none bai hana kowa damfara da sunansa ba. Sunan da ba a aika imel da shi sam ma yana buƙatar kariya, kuma tasa ta fi sauƙi: v=spf1 -all tare da p=reject.

Rikodin PTR yana juya tambayar ne, a ba da lamba a nemi suna. Ana rubuta lambar a birkice ƙarƙashin wani yanki na musamman, ta yadda 192.0.2.10 ke komawa 10.2.0.192.in-addr.arpa. In ka nemi sunan lambar 8.8.8.8 za a ce maka dns.google. Ba a shafin da kake gyara sauran rikodinka za ka same shi ba, domin na mai lambar ne, wato kamfanin da ya ba ka hayar saba ko layin intanet. Wanda ya kafa sabar imel tasa ba tare da PTR ba zai ga manyan masu karɓa suna ƙin saƙonsa. CAA kuma layi ne da ke faɗin hukumomin da ka yarda su ba da takardar shaidar tsaro da sunanka, irin wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun Satumban 2017 wajibi ne kowace hukuma ta duba shi kafin ta bayar. Layi ɗaya ne, minti biyu ya ishe shi, amma sunaye kaɗan ne ke da shi.

Duk waɗannan rassa ne. Iko yana wurin NS, rikodin da ke faɗin sabobin da ke da hurumin amsa tambaya a kan suna. A wuri biyu yake zama: a kundinka, da kuma a kundin na sama da kai, wato .com ko .ng ko .ne, kuma na saman ne duniya ke fara bi. Ana gyara shi ne ta wurin kamfanin da ka yi rajistar suna. Idan sabar sunanka tana ƙarƙashin sunan da take wa hidima, kamar ns1.example.com, an shiga zagaye: ba a samun lambarta sai an tambaye ta, ba a tambayarta sai da lambarta. Don haka na sama ke ajiye lambar a gefe ya miƙa tare da amsa. Ana son sabobi biyu aƙalla, kuma kada su rataya a igiya ɗaya. Ranar 21 ga Oktoba, 2016, aka yi wa kamfanin Dyn ruwan tambayoyin bogi daga dubban kyamarori da na'urorin gida da manhajar Mirai ta kame. Twitter da Netflix da Spotify da GitHub suka gagari mutane da yawa, musamman a gabashin Amurka, domin Dyn ne ke amsa sunayensu. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyin cikin gidan Facebook. Sabobin DNS na kamfanin, da suka ga ba sa iya kaiwa ga cibiyoyin bayanai, suka janye kansu daga taswirar intanet kamar yadda aka tsara musu. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, 'yan kasuwar da cinikinsu ya dogara da WhatsApp a ko'ina suka ji a jikinsu.

Abokin tafiyar NS shi ne SOA, guda ɗaya a kowane kundi. Yana ɗauke da sunan babbar saba, da imel ɗin mai kula, da lambar bugu, da lokutan da ƙananan sabobi za su riƙa leƙowa don ɗaukar sabon kwafi. Lambar bugun ce suke dubawa. Yawanci ana rubuta ta da kwanan wata, kamar 2024031501. Mai gyara kundi da hannu da ya manta bai ƙara ta ba, gyaransa zai tsaya a saba ɗaya, sauran su ci gaba da ba da tsohuwar amsa. Yau kamfanoni ke yi wa yawancin mutane wannan aiki ba tare da sun sani ba.

Mai iya sauya NS ya mallaki komai. Zai karkatar da shafi ta A, ya karkatar da wasiƙu ta MX, ya samo takardar shaida ta halal ta TXT, sannan da imel ɗin da ya kama ya sake kalmar sirrin sauran asusunka ɗaya bayan ɗaya. Ba zato ba ne: a Janairun 2019, bayan jerin hare-hare irin wannan a kan hukumomi da kamfanoni a ƙasashe da dama, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ba ma'aikatun gwamnatin tarayya umarnin gaggawa su binciki rikodinsu, su sauya kalmomin sirri, su ƙara matakin tantancewa na biyu. A wurinmu matsalar takan zo ba tare da ɗan kutse ba. Sunayen .ng suna ƙarƙashin NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ana rajista ne ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Sau da yawa wanda aka ba aikin gina shafi shi ke yin rajistar, da sunansa da imel ɗinsa, ba don mugunta ba, don a gama da wuri. Bayan shekara uku, ya bar gari ko an ɓata, lokacin sabunta rajista ya zo sanarwa na zuwa akwatinsa. Makarantar da ta buga sunan a allonta da takardunta sai ta tarar ba ta da ta cewa.

Mu koma kan lambar 3600 da ke layin farko. Sunanta TTL, kuma ita ce dalilin da ya sa matsalar Suwidin ta daɗe bayan gyara. Saba mai bincikowa ba ta maimaita yawo a kowace tambaya. Takan riƙe amsa har daƙiƙun da aka ba ta su cika. 3600 awa ɗaya ce, 86400 kwana ɗaya, 300 minti biyar. Masu hidima kan ce a jira awa 24 zuwa 48 kafin sauyi ya yaɗu, amma babu abin da ke yaɗuwa. Tsohuwar amsa ce ke jiran wa'adinta ya cika a ma'ajiyar kowace saba. Awa 48 ɗin ma tana da asali: rikodin NS da sabobin .com ke bayarwa na ɗauke da TTL na 172800, kwana biyu cif. Wanda ya fahimci haka yakan rage TTL zuwa 300 tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura, ya ƙaura, ya tabbatar komai daidai, sannan ya mayar da shi sama. Har amsar "babu wannan suna" ana riƙewa, gwargwadon lamba ta ƙarshe a SOA. Shi ya sa wanda ya yi gaggawar gwada suna kafin ya ƙirƙire shi yakan ci gaba da ganin babu, bayan kowa na ganinsa.

Akwai wasu nau'o'in da mai ƙaramin shafi zai iya shekaru bai taɓa ba. SRV yana faɗin saba da lambar ƙofar wata hidima, kamar wayar intanet ta SIP. Cibiyoyin ofis masu Active Directory na Microsoft ba sa tashi sai da shi. Rikodin HTTPS da SVCB, da aka kammala ƙa'idarsu a Nuwamban 2023, suna gaya wa burauza tun kafin ta ƙwanƙwasa irin haɗin da saba ke karɓa, kuma suna ba da halastacciyar hanyar yin laƙabi a gundarin suna. Akwai ma LOC na faɗin wurin da inji yake a doron ƙasa, wanda kusan ba a amfani da shi.

Saura tambaya ɗaya: me ya tabbatar amsar da ta iso ita ce mai sunan ya rubuta? A tsarin asali, kusan babu. Lambar da ke haɗa tambaya da amsarta ba ta wuce ɗaya cikin 65,536 ba, kuma a 2008 mai bincike Dan Kaminsky ya nuna yadda za a yi ta cinkenta cikin sauri har a cusa wa saba amsar ƙarya, ita kuma ta raba wa duk masu tambayarta. An yi facin gaggawa a duniya baki ɗaya, amma maganin asali shi ne DNSSEC, wanda ya zo da nasa rikodin. DNSKEY na ɗauke da mabuɗin yanki, RRSIG sa hannu ne a kan kowane rukunin amsa, NSEC na tabbatar da cewa "babu" ɗin gaskiya ce, DS kuma yana zaune wurin na sama yana shaida mabuɗin na ƙasa. Haka sarƙar ke tafiya har tushe, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2010, aka sauya babban mabuɗinsa karon farko ranar 11 ga Oktoba, 2018. DNSSEC ba ya ɓoye tambayarka daga masu leƙe. Wannan aikin wasu ƙa'idoji ne daban. Gaskiyar amsa kawai yake tabbatarwa. Yana kuma da kaifi: in ka sauya kamfanin DNS ka bar tsohon DS a sama, sabobi masu tantancewa za su ɗauki duk amsarka jabu, sunan ya ɓace musu gaba ɗaya. Duk da haka ina ganin banki da hukumar gwamnati da duk mai karɓar kuɗin jama'a ba su da uzurin barinsa. Mai ƙaramin shafi ya kunna shi idan kamfaninsa na kula da mabuɗan da kansa, ya kuma rubuta a inda ba zai manta ba cewa sai an cire DS kafin a ƙaura.

Rikodin DNS ba sirri ba ne, kowa na iya dubawa. A kwamfuta mai Windows, rubuta nslookup -type=mx sannan sunan yankinka zai nuna maka inda wasiƙunka ke zuwa; ka sauya mx da ns ko txt ka ga sauran. A Linux da Mac umarnin dig na yin wannan aiki. Mai karatu, in kana da suna a intanet, ko kana shugabantar wurin da ke da shi, ka zauna da mai kula muku da shi a wannan makon ya buɗe maka kundin, ya bayyana maka aikin kowane layi, a goge wanda ba a san dalilinsa ba bayan an bincika. Ka tambayi ranar da rajistar za ta ƙare da imel ɗin da sanarwa ke zuwa. In ka tarar sunan da ke kan rajistar ba naku ba ne, ka nemi a mayar da shi tun kuna shiri da wanda ya yi ta.